Makarantar Gwamnati Da Larabci Zalla: Dalilin Da Ya Sa Na Ce A Dakata

  

Bayan da kaka ta yi, aka ɗaure gero aka fara shigar da dawa rumbu, ƙungiyar ci gaban garinmu ta kira taro a ƙofar gidan dagaci. Garin namu ɗaya ne daga cikin ƙauyukan da ke shimfiɗe tsakanin Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta, inda gona ke manne da gona, ba ka tafiyar minti goma ba tare da ka ji dakan wani gida ba. Maganar da aka kawo ita ce ta makarantar firamarenmu, wadda ita kaɗai muke da ita. Wasu matasa masu kishi, cikinsu har da wanda ya yi karatu a ƙasar Larabawa, sun kawo shawarar a nemi izinin hukuma a mayar da ita makarantar Larabci zalla: lissafi da Larabci, kimiyya da Larabci, hatta gaisuwar safe da kiran suna da Larabci, tun daga aji ɗaya. Gwamnati ta ci gaba da biyan albashi, ƙungiya kuma ta riƙe ragamar gudanarwa.

Da aka zo kaina, kowa ya gyara zama, domin an san ni da koyar da Larabci a Islamiyya, an kuma ɗauka ni ne zan ɗora wa maganar hula. Sai na ce a ganina a dakata. Wuri ya yi tsit. Wani dattijo, abokin mahaifina, ya dube ni ya ce, "Haba ɗana, kai da ka ci gajiyar Larabci, kai ne kuma za ka tare wa na baya hanya?" Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, ba tarewa na yi ba, so nake a duba inda hanyar ta nufa kafin a kora yara cikinta." Lokaci bai ba ni damar yin bayani a ranar ba, wannan ya sa na ga ya dace in rubuta shi a nan, musamman saboda matasa, waɗanda su ne za su gaji irin wannan muhawara a garuruwansu.

Bari in fara da wani labari daga nesa. A ƙasar Amurka akwai wani nau'in makaranta da gwamnati ke ɗaukar nauyinta da kuɗin haraji, amma wata ƙungiya ce ke tafiyar da ita bisa yarjejeniya, kamar dai abin da matasanmu suka nema. A shekarar 2007 aka buɗe irin wannan makaranta a garin Hollywood na jihar Fulorida, mai suna Ben Gamla, domin koyar da Ibrananci, harshen Yahudawa. Wanda ya assasa ta, Peter Deutsch, tsohon ɗan majalisar wakilai ne. Nan take gardama ta kaure: shin za a iya koyar da Ibrananci ba tare da an koyar da addinin Yahudanci ba, alhali tsarin mulkin ƙasar ya hana gwamnati ɗaukar nauyin addini? Hukumar ilimi ta yankin ta dakatar da darussan Ibrananci na 'yan makonni, sai da aka tace littattafan sannan aka ci gaba.

A wannan shekarar dai, a unguwar Burukilin ta birnin New York, aka buɗe wata makarantar gwamnati mai koyar da Larabci, aka sa mata sunan Khalil Gibran, marubucin nan Kirista ɗan asalin Labanan. Tun kafin yara su shiga aji aka yi mata ca, ana cewa matattarar tsattsauran ra'ayi ce. Shugabar da ta kafa ta, Debbie Almontaser, Musulma 'yar asalin Yaman, ta sauka daga muƙaminta bisa matsin lamba, sai a 2010 wata hukumar tarayya ta tabbatar da cewa an nuna mata bambanci. Har yau ƙurar irin wannan gardama ba ta lafa ba, domin a 2025 alƙalan kotun ƙolin Amurka sun rabu huɗu da huɗu a kan wata makarantar Katolika da aka so buɗewa da kuɗin gwamnati a jihar Oklahoma, lamarin da ya bar hukuncin hana ta yana nan.

Abin da ya ja hankalina a labarin nan shi ne yadda yake auna adalcin mutum. Mai karatu ya tambayi kansa tsakani da Allah: da aka ambaci makarantar Ibrananci, me zuciyarsa ta raya masa? Da aka ambaci ta Larabci fa? Da yawanmu za mu ce ta farko dabara ce ta cusa addini, ta biyu kuma zalunci aka yi mata. Wani can kuma zai faɗi akasin haka daidai wa daida. Alhali tambayar da ke gaban makarantun biyu iri ɗaya ce. Wanda mudunsa na saye ya bambanta da na sayarwa, Alƙur'ani ya yi masa kashedi a farkon Suratul Muɗaffifin, kuma a fahimtata tauye mudu bai tsaya ga hatsi ba, yana shiga hukuncin da muke yanke wa mutane.

To mene ne matsayin harshe a addininmu? Allah Maɗaukaki ya lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyinsa a aya ta 22 ta Suratur Rum. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana kuma rubuta amsa, ya kuwa iya cikin kimanin rabin wata. Ke nan babu harshen da yake haram a kan kansa, ko da na wanda kake saɓani da shi ne. Ta ɗaya gefen kuma, Larabci shi ne harshen da aka saukar da Alƙur'ani da shi, babu mai zurfafa a ilimin shari'a ba tare da shi ba, amma iya Larabci kaɗai bai taɓa zama imani ba. Abu Jahli ya fi ni da kai fasaha nesa ba kusa ba. Akwai miliyoyin Kiristoci a Masar da Labanan da Siriya da suke ibadarsu da Larabci. Saboda haka wanda ya zaci da zarar an mayar da lissafi Larabci tarbiyya ta samu, ya haɗa abu biyu da ba ɗaya suke ba.

Kafin in kawo dalilaina, wajibi ne in yi wa masu shawarar adalci, domin akwai gaskiya mai yawa a bakinsu. Gaskiya ne iyaye da dama a karkararmu har yanzu ba su saki jiki da boko ba, sun gwammace su tura yaro gabas ko birni da allo. Makarantar da ke da ƙamshin Larabci za ta jawo irin waɗannan iyaye. Gaskiya ne kuma Najeriya ba Amurka ba ce. Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin addinin ƙasa, amma ba a hana koyar da addini a makarantun gwamnati ba, ana koyar da na Musulunci da na Kirista. Kuma hukuma ta daɗe tana kashe kuɗi a kan Larabci. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci, wato SAS, inda irin su Shaihu Abubakar Mahmud Gumi suka yi karatu. A Jamhuriyar Nijar an buɗe madarasar garin Say tun 1957, mai haɗa Faransanci da Larabci. Gwamnatin tarayya ta kafa ƙauyen koyon Larabci a Ngala ta jihar Borno, kamar yadda ta kafa na Faransanci a Badagry. Gwamnatin Kano ma, a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, ta buɗe kwaleji a Yamai domin 'ya'yan Kano su koyi Faransanci. Idan an yi wa Faransanci haka, babu mai cewa Larabci bai cancanta ba. Don haka ni ban ce neman haƙƙin Larabci a cikin kuɗin jama'a laifi ne ba. Inda na saɓa da 'yan uwana shi ne a kan wannan makaranta, da waɗannan yara, da wannan tsari.

Dalilina na farko shi ne yaron kansa. Ɗan shekara 6 da ya taso a gidan da ba a jin komai sai Hausa, idan ka sa shi gaba da harshen da bai sani ba, ka ɗora masa kaya biyu a lokaci guda: ya gano abin da kake cewa, sannan ya gano abin da kake koyarwa. Mafi yawa sukan ajiye na biyun su koma hadda. Ina ganin haka kullum a ajina. Na taɓa samun yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa da ta haddace babin tsarki na Ahalari ba tuntuɓe, da na tambaye ta da Hausa abin da za ta yi idan ta tuna ta manta shafar kai bayan ta idar da alwala, sai ta yi shiru tana kallon ƙasa. Laifin ba nata ba ne, nawa ne da na karɓi sauti a madadin fahimta. Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa sun gwada wannan a Ile-Ife daga 1970, inda suka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarabanci, suna koyon Ingilishi a matsayin darasi, sakamakon ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, a fannoni da dama ma sun fi su. Wannan ne ya sa ban ji daɗi ba da gwamnatin tarayya ta soke manufar koyarwa da harshen uwa a 2025, manufar da ita da kanta ta amince da ita a 2022. To idan na ƙi a toshe wa yaro kai da Ingilishi, da wane baki zan yarda a toshe masa da Larabci?

Magabatanmu sun riga mu gane wannan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta littattafansa da Larabci domin malamai, amma da ya tashi yi wa talakawa wa'azi, da Fulatanci da Hausa ya yi. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauyuka da waƙoƙin Hausa domin su karantar da mata, tsarin da ake kira 'yan taru. Shaihu Gumi da Shaihu Nasiru Kabara, duk da saɓanin da ke tsakaninsu, kowannensu ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa. Waɗannan bayin Allah ba su raina Larabci ba. Sun san dai ilimi ba ya zama a zuciya sai ya shiga ta ƙofar da take buɗe.

Dalili na biyu shi ne malamai. A wurin taron na tambaya: a cikinmu wa zai iya bayyana wa ɗan aji huɗu yadda ake raba kashi, ko yadda tsiro ke shan ruwa ta saiwa, da Larabci mai sauƙi? Ni da na yi shekaru ina karanta nahawu da balaga, na kuma je jami'a, wallahi sai na yi shiri na musamman. Masu Larabcinmu ba su karanci lissafi ba, masu lissafinmu ba su da Larabci. Littattafan da za a yi amfani da su fa? Idan aka kwaso na wata ƙasa, yaro zai riƙa ƙirga dabino da riyal alhali gyaɗa da naira ya sani. Makarantarmu a yanzu wasu azuzuwanta a ƙasa ake zama, kuma halin da makarantun jihar nan ke ciki ne ya sa gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Wanda rufin ɗakinsa ke yoyo, ba fenti ne ya kamata ya fara saye ba.

Dalili na uku shi ne mafita. Duk wanda ya taso a wannan yanki ya san gona ta ƙare. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, an raba ta ga 'ya'ya, an sake raba ta ga jikoki, yau wani rabonsa bai wuce ya tsaya a wannan kunya ya yi magana da na waccan iyaka ba. Muna zuba taki muna haɗa gero da wake da gyaɗa a fili guda, duk da haka hatsin gidaje da yawa ba ya kai su wata damina. Shi ya sa da rani samari ke watsewa ci-rani, wasu dako a kasuwar Dawanau, wasu Legas ko Abuja. Yawancin yaran da ke firamare yau ba gona ce za ta riƙe su ba. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Bichi, ga makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa, duk a ƙofar gidanmu, amma babu wadda ake shiga ba tare da Ingilishi da lissafi ba. Ko wanda ya bi ta jarrabawar hukumar Larabci da addinin Musulunci, wato NBAIS, idan jami'a yake so sai ya zauna jarrabawar JAMB, kuma Ingilishi dole ne a cikinta. Mai hali zai iya kai ɗansa birni a cike masa giɓi. Ɗan talaka kuwa abin da makarantar gari ta ba shi, shi ke nan guzurinsa.

Dalili na huɗu shi ne amana. Makarantar nan ta kowa ce, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara 9 na karatu kyauta, kuma babu wata makarantar kusa da za a ce wanda bai so ya tafi can. Akwai 'ya'yan Fulanin rugagen da ke gefenmu, waɗanda Hausar ma a makaranta suke ƙarasa koyonta. A wasu sassan karkarar Kano akwai Hausawa Kiristoci, kuma ma'aikacin asibiti ko malamin da aka turo daga wani wuri yakan zo da iyalinsa. Sashe na 38 na tsarin mulki ya hana a tilasta wa ɗalibi karatun addinin da ba nasa ba. Mu da muke kuka idan aka hana 'ya'yanmu mata sa hijabi a makarantun gwamnati a wasu jihohin kudu, har sai da kotun ƙoli ta yanke hukunci a kan na Legas a 2022, bai kamata mu zama masu yin abin da muke ƙi ba a inda muke da rinjaye. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya: ko a tsakaninmu Musulmi, ranar da ƙungiya ta karɓi makarantar, tambayar farko ita ce littafin tauhidin wa za a karanta. Garin da ya sha rikici a kan limanci tsakanin 'yan Izala da 'yan ɗariƙa ya san abin da nake nufi. A yanzu firamare ce kaɗai wurin da 'ya'yan ɓangarorin nan ke zama a benci ɗaya.

Dalili na ƙarshe shi ne halin gwamnati. A 2012 shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi da ke Sakkwato, aka gina irinta fiye da ɗari a faɗin ƙasa. Da mulki ya sauya, da yawansu suka zama kufai. Wanda ya jingina karatun addinin 'ya'yansa da kasafin kuɗin gwamnati, ya ɗaure akuyarsa a turken da ba nasa ba. Kuma mai biyan albashi shi ke da ta cewa a kan abin da za a karantar. Islamiyyunmu, tun daga irin waɗanda Malam Aminu Kano ya ƙarfafa a shekarun 1950, sun rayu ne domin jama'a ke riƙe da su.

To mene ne abin yi? Mai cewa a'a ba tare da ya kawo madadi ba, bai taimaki kowa ba. Ga abin da na gabatar wa ƙungiya a rubuce. Na ɗaya, daga aji ɗaya zuwa uku a tabbatar kowane yaro ya iya karanta Hausa da rubuta ta, da boko da ajami, domin ajami gada ce zuwa haruffan Larabci, kuma ko dokar hukuma ta ce Ingilishi, babu mai hana malami yin bayani da harshen da yaro ke ji. Na biyu, a nemi izinin ware wa Larabci lokaci kowace rana, a koyar da shi a matsayin harshe mai rai, da hira da wasa da labari, ba haddar ƙa'idoji ba, ƙofa a buɗe ga duk wanda iyayensa suka yarda. Na uku, aƙida da fiƙihu su zauna a Islamiyyar yamma, mu kuma mu riƙe ta da gaske: kowane magidanci ya ware damin gero ko kwanon wake da kaka domin malamai, a nemi mai hali ya yi waƙafin gona. Na huɗu, a daidaita lokutan karatu da damina, domin yaron da ke gona lokacin noman farko ba ya aji, ko da wane harshe ake koyarwa. Na biyar, idan bayan wasu shekaru mun samu malamai da littattafai, a nemi ƙaramar sakandaren Larabci a matsayin makaranta ta biyu, wadda mai so zai shiga bisa zaɓinsa, da Ingilishi da lissafi masu ƙarfi a cikinta.

Na san wasu abokaina sun ji zafina, har wani ya daina amsa mini sallama da sakin fuska. Ina roƙonsu su yi mini uzuri. Ina son Larabci so na haƙiƙa, da shi nake ci da shi nake sha, kuma burina in ga ranar da yaron ƙauyenmu zai tsaya bayan liman a tarawihi hawaye na zubo masa domin ya fahimci abin da ake karantawa. Tsorona shi ne mu yi gaggawa mu fitar da yara da ba su iya Larabcin ba, ba su iya Ingilishi ba, Hausar ma ba su iya rubuta ta ba, sannan iyaye su ce Larabci ne ya cuce su.

Ga matasa masu karatu kuwa, nasihata ita ce duk lokacin da aka kawo muku shawara da sunan addini, kada kunyar a ce ba ku da kishi ta hana ku tambaya. Ku tambayi wa zai koyar, da me, ina yaron zai je bayan ya gama, kuma wa za a bari a baya. Wanda kuma ya iya Larabci a cikinku, kada ya jira hukuma. Ya tara yara goma na unguwarsu bayan la'asar ya fara da su, kamar yadda aka sa fursunonin Badar masu iya rubutu kowanne ya koyar da yara goma na Madina a madadin fansa.

An ɗage taron namu zuwa bayan sallah, kuma dagaci ya ce a kawo shawarwarin biyu a karanta a gaban iyaye maza da mata. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuma daga gare ni ne, ina neman gafararsa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ilimi mai amfani, ya haɗa kawunanmu a kan gaskiya, amin.